Barkar da Ban Amsa Ba

Abu ɗaya na nema wurin mutane lokacin da na haihu. Ban nemi zane ba, ban nemi sabulu ba. So nake wata ta shigo ɗaki ta ce mini barka. A wurinmu ko akuya ce ta haihu, maƙwabciya takan leƙo ta kan katanga ta ce barka da ƙaruwa. Ni na haifi ɗa namiji, lafiyayye, yatsunsa cif, amma kalmar nan ta gagari bakin kowa.

Garinmu ƙauye ne a bayan Gurbin Bore, cikin ƙasar Zurmi. Gero muke nomawa da dawa, da ɗan wake a tsakani. Shekarata tara a gidan miji ban taɓa ko ɓatan wata ba. Na sha saiwa, na sha rubutu, na je asibiti a Kaura sau biyu. Kowa ya yanke cewa matsalar daga gare ni take, ni ma na yarda. Maigidana bai taɓa goranta mini ba. Mutum ne mai shiru. Ya fi yi wa shanun huɗarsa biyu magana fiye da mutane.

Muna roron wake da hantsi mutanen daji suka zo a kan babura. Mu bakwai suka tafi da mu. Wata shida na yi a can. Abin da aka yi mini ba zan faɗa ba. Wadda ta je ta sani, wadda ba ta je ba kuma gara kada ta sani. Abin da zan faɗa shi ne girki. Sun ga na iya tuƙa tuwon mutane da yawa, sai suka ɗora ni a kan murhu. Hatsin da nake dakawa daga rumbunan mutanenmu aka kwaso shi, naman kuma na shanun da aka kora ne. Na sani sarai. Na dafa, na kuma ci. Biyu daga cikinmu ba su dawo ba. Ni na dawo, kuma ban rame ba.

Maigidana ya sayar da shanun nan biyu, dangi suka haɗa abin da suka iya, aka sako ni. Sun ajiye ni a bakin hanya kusa da Moriki, wani direban motar hatsi ya kai ni Zurmi. Kwana uku gidanmu bai rabu da mutane ba. Kowa ya shigo sai ya ce barka da arziki. Na ji barka har ta ishe ni. Amma a rana ta biyu, ina kwance a ɗaki, na ji mata biyu suna magana a bayan zana, suna tsammani barci nake.

Ɗaya ta ce, “Ke, kin ga wuyanta? Awa wadda ta dawo biki.”

Ɗayar ta ce, “Wagga ai ba ta ji jiki ba. Su wance da sunka dawo bara, ƙashi ne kawai da hwata.”

A ranar na gane cewa ramewa ma shaida ce, kuma ni ban zo da ita ba.

Tun kafin a sako ni na san ina da ciki. Ban gaya wa kowa ba, amma ciki ba ya jiran a faɗa. Ranar da ya fara motsi ina surfe ne. Na tsaya da taɓarya a hannu, sai na ji dariya ta kuɓuce mini. Shekara tara nake jiran wannan motsi. Daga nan na tuna inda na samo shi, na zauna a ƙasa. Murnar ba ta tafi ba, ɗayan abin ma bai tafi ba. Haka suka zauna mini su biyu har na haihu.

Maigidana ya gani. Ya daina zama a majalisar maza da ke gindin bishiyar bedi. Sallah ma sai ya bari an tayar sannan ya shiga sahun baya. Wata safiya ya tsaya a ƙofar ɗaki, bai shigo ba, ya ce in shirya ya kai ni goyon ciki. A al’ada cikin fari sai ya kai wata bakwai ake mayar da mace gidan iyayenta ta haihu a can. Nawa wata biyar ne. Ban yi musu ba.

Iyayena sun rasu da daɗewa, don haka gidan Gwaggo ya kai ni, ƙanwar babana. Tana zaune a Kaura Namoda, can wajen tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Mijinta ya rasu, ’ya’yanta mata suna gidajen aurensu, ita kaɗai ce a gidan tana matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli. Maigidana ya sauke buhun gero a zaure, ya gaishe ta, ya juya. Gwaggo ta dubi fuskata, ta dubi cikina, ta turo mini kujera da ƙafa.

Ta ce, “Zamna ki ɓare mini gyaɗa. Nan ba a cin tuwon banza.”

Ba ta tambaye ni komai ba, a ranar ko bayanta. Na gode mata a kan wannan.

Na haihu da safe, bayan an ɗauke ruwa. Ungozoma ta yanke cibiya, ta wanke yaron, ta naɗe shi. Wurin da ya kamata ta rangaɗa guɗa unguwa ta ji an samu ƙaruwa, sai ta dubi Gwaggo. Gwaggo ta dubi ƙasa. Ba a yi guɗar ba.

Duk da haka labari ya fita, mata suka fara zuwa. Na san yadda ake yi, don na shekara tara ina zuwa barkar wasu. Mace ta yi sallama, ta ce barka, a amsa mata barka kadai, ta karɓi jariri, ta ce tubarkalla, ta yi tsokana a kan hancinsa ko kunnensa, ta ce wane ya kwaso. Ta ajiye sabulu ko ɗan zane ta tafi. Waɗannan sun shigo, sun karɓi yaron, sun daɗe suna dubansa. Sun buɗe zanen sun duba launin kunnensa. Babu wadda ta ce ga wanda ya kwaso. Sai su ce mini sannu. Su ce ya jiki. Wata ta ce Allah ya kiyaye gaba, abin da ake ce wa wanda mota ta kaɗe. Wata tsohuwa mai nauyin kunne, wadda ba ta iya rage murya, ta shigo tana cewa, “Ina mai gidan? Mun taho jaje.”

Na dubi Gwaggo ina jiran ta gyara mata. Sai ta shimfiɗa mata tabarma.

Ba zan zalunci Gwaggo ba. Ita ta sayi itace da kuɗin ƙulinta. Ita ke tashi ta tafasa ruwa, ta yi mini wankan jego da ganyen bedi safe da yamma, kwana arba’in ba fashi. Ta dama mini kunun kanwa, ta gasa mini jiki, ta yi wa yaron gashin cibiya da hannunta. Duk abin da uwa ke yi ta yi. Kalmar nan ce kawai ba ta faɗa ba. Na yi ta kasa kunne. Kullum in ta shigo da ƙwaryar kunu sai in ce yau za ta faɗa. Sai ta ce, “Sha da zahinshi.”

Ana gobe suna babu rago, babu saƙo daga ƙauye. Gwaggo ta yafa mayafi ta tafi wurin limamin unguwa. Dattijo ne, gidansu gidan malamai tun kakanni. Ya zo da kansa bayan la’asar, ya zauna a zaure, ni ina daga ciki bayan labule.

Ya ce, “Baiwar Allah, kina jina?”

Na ce, “Ina ji, Allah gafarta malam.”

Ya ce wanda aka tilasta ba shi da zunubi. Ya ce yaron an haife shi da igiyar aure a kaina, don haka a shari’a ɗan mijina ne, kuma babu mai ikon kiransa da wani suna. Ya ce zai faɗi haka a masallaci, kuma ya faɗa. Na ji an ce maza sun gyaɗa kai. Da zai tashi ya ce, “Sai ki yi haƙuri.”

Mutumin kirki ne, Allah ya saka masa. Amma haƙuri wanda ya yi rashi ake ba. Ni ban yi rashi ba, samu na yi.

Da safe aka raɗa suna. Gwaggo ta ba da bunsurun da take kiwo aka yanka. Maza biyar ne a ƙofar gida, har da liman da wanzami. Da aka soya nama muka zuba a kwanuka aka kai maƙwabta. Wasu sun karɓa. Gida uku suka dawo da kwanon yadda aka kai shi, da cewa an gode, ba su cin naman akuya. Gwaggo ta san suna ci, don ta sha ganinsu wurin mahauci. Ta juye naman a tukunya, ta ce, “To, mu muna da haƙora.”

Bayan arba’in maigidana ya zo. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Muka zauna a zaure, yaron yana kan cinyata. 

Ya ce, “Ni ban ga laihinki ba. Allah shina gani.”

Na ce, “To.”

Ya ce, “Amma ba ni iya zama garin. Kin san abin da suka ce mini? Sun ce ashe gona lahiyarta lau, iri ne ba shi da kyau.”

Sai a lokacin na ga abin ta ɓangarensa. Yaron nan, ba tare da ya yi magana ba, ya gaya wa duk garin wanda ba ya haihuwa a gidanmu. Mutumin ya rasa shanunsa a kaina, ya kuma rasa wurin zama a cikin maza. Ya miƙo hannu ya taɓa tafin yaron da yatsa ɗaya. Yaron ya damƙe. Na ga maigidana ya motsa baki, na ce a raina ga kalmar nan za ta fito. Sai ya zare yatsan a hankali, ya ciro takarda daga aljihu ya ajiye a kan tabarma. Ban iya karatu ba, amma na san takardar saki. An ce ya tafi kudu neman aiki. Ban ƙara ganinsa ba, kuma ban taɓa yi masa mugun baki ba.

Yaron ya yi ta girma abinsa. Bai san komai ba. Ya yi ƙiba, ya yi rarrafe da wuri, ya fi son tunkuza da komai. In Gwaggo tana matsar mai sai ya rarrafo ya cusa hannu a ciki. Ita kuma ta ɗauke shi a matsayin jika, tana yi masa wasan kaka.

Takan ce, “Kai, mijin banza! Ba ka kawo cefane ba, sai ci. In ba ka saya mini zane ba sallar bana, kotu za ta raba mu.”

Shi kuma ya washe baki da haƙoransa huɗu. A bayanta yake barci in na tafi kai mai kasuwa. Ta saya masa ɗan takalmi mai ƙara, wanda in ya taka yake yin tsuwa. Duk gidan ya cika da tsuwar nan.

A waje kuwa sunansa ɗan daji. Ba a faɗa a gabana, amma yara ba su iya ɓoye abin da suka ji a ɗakin iyayensu. In ya fita ƙofar gida, sai ka ji an ƙwala wa wani yaro kira daga ciki. Ni ma, in faɗi gaskiya, akwai ranakun da nake zuba masa ido ina neman fuskar wani a cikin tasa. Ban taɓa samu ba. Goshin babana ne da shi.

Yanzu zan faɗi zunubina. Ba na daji ba ne. Wancan kam, liman ya ce babu, kuma na yarda.

Yaron ya kusa shekara biyu, da damina, mata huɗu suka shigo sayen mai. Suna tsaye ina aunawa, yaron yana wasa a tsakar gida. Ya tsinci karan dawa, ya ɗaga, ya nuna kaza da shi yana cewa ta-ta-ta. Duk yaran unguwar haka suke wasa, a wurinsu ya gani. Babu yaron da ba ya yin bindigar kara a ƙasar nan yanzu. Sai ɗaya daga cikin matan ta taɓa ’yar uwarta da gwiwar hannu, ta ce a hankali, “Kun gani? Ya hwara.”

Ban san lokacin da na ajiye kwalbar ba. Na fizge karan, na zane shi da shi a ƙafa, a baya, har karan ya karye. Ban taɓa dukansa ba sai ranar. Bai gudu ba. Wurina ya yi ta matsowa yana kuka, yana kama zanena, don bai san wani wurin gudu ba. Ina dukansa ina satar kallon matan nan, in ga ko sun gamsu. Don su na yi. Na so su koma gida su ce uwar dai tana tsawata masa. Gwaggo ta fito daga banɗaki ta ƙwace shi, ta goya. Matan suka biya kuɗin mai suka tafi.

Sati biyu bayan nan zazzaɓi ya kama shi. Ba dukan ne ya jawo ba, na sani, na cizon sauro ne, a daminar nan yara da yawa sun kwanta. Muka ba shi magani na kemis, ya yi kamar ya sauka. A rana ta uku da azahar ya fara jijjiga. Na goya shi na hau babur zuwa asibiti, Gwaggo tana biye a wani. Suka ce jininsa ya ƙone, sai an ƙara. Aka ɗibi nawa. Kafin a gama haɗawa ya tafi. Da na kwance masa riga, akwai sauran shatin kara guda ɗaya a bayan cinyarsa, bai gama bajewa ba. Da shi aka binne shi.

Gidan ya cika. Matan da suka mayar da naman suna duk sun zo, wasu da kwanon abinci. A wannan karon bakin kowa ya san abin faɗa. Allah ya sa mai ceto ne. Allah ya ba da haƙuri. Suka zauna suna hira, har da dariya ƙasa-ƙasa. Wata ta dafa kafaɗata ta ce yanzu sai in samu miji in zauna. Ban taɓa ganin unguwar ta sake da ni kamar a kwanakin nan uku ba.

Ranar uku da yamma kowa ya watse. Na share tsakar gida, na zauna a bakin murhu. Gwaggo ta fito daga ɗaki, ta zauna kusa da ni. Tun ranar da ya rasu ba ta ci abin kirki ba, idanunta sun kumbura. Takalmin nan mai tsuwa yana hannunta, tana juya shi.  Sannan ta ce, “Barka, ɗiyata.”

Na ɗago na dube ta.

Ta ce, “Barka da arziki. Allah ya sauke miki. Shi ma ya huta, da ya girma cikin bakin mutanen ga.”

Hawaye na zuba a fuskarta tana faɗa. Ba mugunta ba ce. Ta so shi fiye da duk wanda ya taɓa ɗaukarsa, in ban da ni. Abin da ta gaskata ke nan tun ranar da ungozoma ta dube ta, kuma ta riƙe abin a ranta shekara biyu tana goyon yaron.

Barka ana amsa ta. Ko maƙiyinka ya ce maka barka sai ka ce barka kadai. Gwaggo ta jira. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Na karɓi takalmin daga hannunta, ya yi tsuwa sau ɗaya, na shiga ɗaki.

Ban bar gidan ba. Ina zan je? Muna nan tare, muna matsar mai. Ƙafafunta sun fara ciwo, ni ke zuwa kasuwa, wani lokaci har Shinkafi in hanya ta yi kyau. Muna gaisawa, muna ci a kwano ɗaya. Ba ta sake faɗin kalmar ba, ni ma ban amsa waccan ba. Ta sani, na sani.

Bara aka ce mini wata yarinya daga wajen Birnin Tsaba ta haihu a makarantar da ’yan gudun hijira ke zaune. Ita ma daga daji ta dawo da cikin. Ban san ta ba, ban san kowa nata ba. Na sayi sabulu guda biyu na tafi. Na same ta a kusurwar aji, an kare mata da buhu da tsohon zane. Mata uku suna zaune a gefe, shiru, irin shirun da na sani. Na yi sallama. Na tsaya a tsakiyar ɗakin na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

Na ce, “Barka! Barka da sauka lahiya. Ina jaririn? Ku miƙo mini in gani.”

Matan suka dubi juna. Yarinyar ta ɗago ta dube ni, idonta ya cika da ruwa. Ta janye jaririyar ta rungume, ta juya fuskarta ga bango.

Ta ce, “Inna, mi na yi miki? Ki bar ni da abin da ya dame ni.”

Ta ɗauka gatse nake yi mata. Ban ga laifinta ba. Kwana huɗu da haihuwarta, ni ce ta farko da ta ce mata barka. Ban iya dogon bayani ba, kuma ba zan buɗe nawa a gaban waɗancan matan ba. Na ajiye sabulun kusa da ƙafarta na fito.

Washegari na dama kunun kanwa na koma. Ba ta juyo ba, amma ta sha kunun. Na sake cewa barka. Ba ta amsa ba. A rana ta uku ta bar ni na ɗauki jaririyar. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na duba hancinta, na ce wannan na uwarta ne, babu tambaya.  Na zauna da jaririyar a cinyata har aka kira azahar.